Shekarar da Faisal Ya Aike Ni Neman Aiki

Zainab, Umar da Hafsa, na san abin da kuka taso kuna ji game da ni a lungunan Nuzla, unguwarmu a nan Jidda. Ba wanda ya taɓa faɗa muku a gabana, amma na ga ranar da Umar ya dawo daga ƙwallo da tsagaggen leɓe ya ƙi faɗin dalilin faɗan, na kuma san abin da ya sa mutanen da suka fara neman auren Zainab suka daina ɗaga waya. An ce ubanku ya fasa shago ya yi sata, aka ɗaure shi. An ɗaure ni, wannan gaskiya ne. Sauran zancen shi ne zan warware muku a nan, tunda wadda ta roƙe ni in yi shiru, mahaifiyata da kuke kira Sitti, ta riga mu gidan gaskiya.

Sai kun fara sanin yadda muke da gidan Kawu Haruna na unguwar Safa. Mahaifinsa da mahaifin Inna, wato mahaifiyata, wa da ƙane ne, tare suka baro ƙasar Kano da ƙafa, suka ratsa Sudan suna noma suna ɗinki har suka tsallako teku. Da aka zo rubuta mutane ana ba su zama 'yan ƙasa, mahaifin Kawu Haruna ya je ya rubuta sunansa. Namu kakan ya ce shi baƙon Allah ne, bayan hajjin baɗi zai koma gida. Bai koma ba, a nan aka binne shi. Saboda haka jikokin wancan suna da fasfo da mota da bene a Safa, mu kuma da aka haife mu a gari ɗaya da su, muke Larabci iri ɗaya da nasu, muna yawo da iƙama, katin izinin zama, a aljihu, muna lallashin kafili, mutumin da muke zaune ƙarƙashin sunansa, duk shekara ya sabunta mana ita. Ba mu yi gaba da su ba. Suna zuwa mana sallah, suna kawo wa Inna turare da atamfa, su zauna kaɗan su tafi kafin yara su karce musu mota.

A shekarar da nake ba ku labari na rasa aikina. Na daɗe ina riƙe da sito a wani kamfanin kayan gyaran mota a unguwar Khumra, ni ke karɓar kaya ni ke fitarwa, har ranar da aka kira mu aka ce irin wannan kujera yanzu ta 'yan ƙasa ce. Kafilina ya ce in nemi wanda zai karɓe ni, zai sake ni ba rigima. Na shiga nema. Idan na kira waya sai a ce mini, "Ahlan, zo gobe mu gan ka," don muryata muryar ɗan Jidda ce tsantsa. Idan na je, mai wurin ya ɗago kai ya ga fuskata, sai in ga murmushin ya tsaya a rabi. An riga an ɗauki wani. Ko kuma, in kana iya ɗaukar kwali muna neman masu lodi. Ban ɗauki wannan wani abin bincike ba. A wurina haka garin yake, kamar zafinsa da gishirin iskarsa.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci Faisal ya zo, autan Kawu Haruna, wanda ke karatun tattalin arziki a Turai. Ya zauna a ƙasa kusa da Inna, ya ci tuwo da hannu, ya yi mata Hausarsa mai karyewa har ta yi dariya. Da ya ji halin da nake ciki sai idonsa ya kawo haske, abin da ban gane ba a lokacin.

"Yaya Sule, wallahi abin da ya dawo da ni ke nan," ya ce. "Kowa ya san ana yi wa baƙar fata haka wajen neman aiki, amma ba wanda ya auna. Abin da ba a auna ba kuwa, a wurin masu iko babu shi. In ka taimake ni, za mu nuna musu."

Ya bayyana mana dabarar. Mutum biyu za su je neman aiki wuri guda, ɗaya bayan ɗaya, shekarunsu kusan ɗaya, dukkansu haifaffun Jidda masu iƙama, tufafi iri ɗaya, labarin aikin da suka yi a baya iri ɗaya. Fata kawai za ta raba su. Shi kuma zai jira a mota ya ji yadda aka karɓi kowa. Zai biya ni kowane fita, ya ce, fiye da abin da nake samu a sito.

Uwarku Hauwa'u tana bakin ƙofar kicin tana ji. Ba ta saba sa baki in akwai baƙo ba, amma ran nan ta sa.

"Labari iri ɗaya, wato ƙarya zai riƙa yi wa mutane ke nan. Faisal, hukuma ta san da wannan aikin naka?"

"Ya Hauwa, neman aiki laifi ne? Ba wanda za a cuta. In wani abu ya taso ina nan, ni ɗan ƙasa ne."

"Kai ɗan ƙasa ne," ta ce. "Shi fa?"

Inna ta tsawata mata, ta ce yaro ya zo da alheri, jininmu ne, ba zai kai ɗan'uwansa ga halaka ba. Ni kuma haya ta taru a kaina, Hafsa tana goye, kuma ba zan ɓoye muku ba, maganarsa ta shige ni. Ban taɓa jin mai ilimi ya ce abin da ake yi mini yana da suna ba. Na ce masa halas, na yarda.

Abokin tafiyata Salim ne, ɗan asalin Yaman, fari sol, shi ma a Jidda aka haife shi, shi ma ba shi da aiki. Mutumin kirki ne mai yawan barkwanci. Faisal ya saya mana fararen riguna ɗinki ɗaya, ya koya mana labarin: mun yi aikin sito a wani shago a garin Yanbu wanda ya rufe. Babu shagon, shi ya ƙirƙiro shi don kada tarihin ɗayanmu ya fi na ɗayan. Ya kuma tsara mana tambayoyin da za mu yi don a ga mun san aiki: ƙarfe nawa ake buɗewa, wa ke riƙe mukulli, akwai mai gadi ko ma'aikaci ke kwana a wurin. Muka yi ta bitarsu a cikin motarsa muna dariya kamar yara masu shirin wasan makaranta.

Dariyar ba ta daɗe ba. Da can idan aka kore ni nakan ce wa raina wataƙila da gaske an riga an ɗauki wani. Yanzu sai in fito daga wurin da aka ce mini aiki ya ƙare, in zauna a mota, Salim ya shiga bayana, ya daɗe, ya fito yana warin shayin da aka ba shi, an ce ya kawo hoton iƙamarsa gobe. Da farko yana ba da labari da raha, daga baya ya koma yin ƙasa da murya, ba ya kallona. Faisal kuwa kullum ƙara murna yake. Yakan bugi sitiyari ya ce, "Ka gani? Ka gani?" Ni ne na gani ai. A gabana aka ja kujera baya don kada in zauna. Ni aka ce wa in tsaya daga waje kada in taɓa gilashi. Na koma gida ina jin nauyin da ban taɓa ji ba a duk shekarun da nake neman aiki don kaina, saboda an ƙwace mini ɗan uzurin da nake rufe idona da shi.

Ba duka ne suka wulaƙanta ni ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai har yau. Akwai wani dattijo mai sayar da kayan famfo, ya zaunar da ni, ya tambaye ni yadda ake jera kaya don kada tsatsa ta kama su, ya ji amsata ya ce in fara ranar Asabar, zai karɓi iƙamata a ƙarƙashinsa. Na fito na ce wa Faisal na samu, ni na tsaya nan.

"Yaya Sule, don Allah," ya ce, ya kama hannuna. "In ka fita yanzu duk abin da muka yi ya lalace, ba zan iya canza mutum a tsakiya ba. Saura kaɗan. In mun gama Baba da kansa zai sama maka wanda ya fi wannan, wallahil azim."

Na yi kwana biyu ina juya maganar. Uwarku ta ce in koma wa dattijon in gaya masa gaskiyar inda na yi aiki, mutumin da ya ba ka kujera zai saurare ka. Inna ta ce ba a barin ɗan'uwa a tsakiyar hanya saboda bare. Na bi maganar Inna. Na kira dattijon na ce na sami wani wuri. Ya ce Allah ya sa albarka, ya kashe waya.

Bayan haka ba da jimawa ba muka je wani sito na masu sayar da wayoyi a sari. Na shiga, na yi tambayoyina, mai wurin ya karɓi lambar iƙamata ya ce za su kira ni. Salim ya shiga bayana ya yi tambayoyi iri ɗaya, kalma da kalma. A cikin makon aka fasa siton aka kwashe kaya. Ina dawowa daga sallar la'asar, ina riƙe da hannun Umar, mota ta tsaya a bakin lungu aka kira sunana. Duk unguwa tana kallo aka sa mini ankwa. Umar, kai ne ka ɗauki takalmina ɗaya da ya cire ka bi motar da shi, ban san ko kana tunawa ba.

Jami'in da ya yi mini tambayoyi bai zage ni ba, bai taɓa ni ba. Tambaya kawai yake yi, kuma kowace amsa tawa tana ƙara nutsar da ni. Ina ka ce ka yi aiki? A Yanbu. Mun bincika, babu shago mai wannan suna, ba a taɓa yi ba. Me ya kai mai neman aiki tambayar wa ke riƙe mukulli? Me ya sa kake son sanin ko akwai mai gadi? Aka kawo mai siton, aka tambaye shi ko akwai wasu da suka zo neman aiki a makon. Ya ce da yawa sun zo, amma wannan ne tun da ya shigo hankalina bai kwanta da shi ba. Salim ko tuna shi bai yi ba. Na buɗe baki zan faɗi komai, sai na ce bari in jira, Faisal zai zo gobe da bakinsa ya yi bayani, maganarsa ta fi tawa nauyi, kada in ja sunansa cikin takardar 'yan sanda ba da saninsa ba.

Faisal bai zo ba. Inna ce ta zo ranar ziyara, uwarku na riƙe da ita. A 'yan kwanakin ta tsufa har na kusa kasa gane tafiyarta.

"Haruna ya zo gida," ta ce. "Ya ce aikin yaron ba shi da izini. In sunansa ya fito za a yanke masa kuɗin karatu, a karɓe fasfonsa, wataƙila ma a ce yana ɓata sunan ƙasa a waje. Ya ce kai ma in aka ji kana tara wa Turawa labari, abin zai fi sata muni."

"Inna, to in ce musu me? In ce ni ɓarawo ne?"

"Ka ce ƙaryar neman aiki ka yi, don yunwa. Haruna ya rantse mini da Alƙur'ani zai fitar da kai, ya san mutane. In ka fito zai mai da iƙamarka ƙarƙashinsa, da ta yaran duka. Sule, ni na haife ka. Ban taɓa roƙonka komai ba."

Uwarku hawaye kawai take yi tana girgiza mini kai a bayan Inna. Na ga girgizawar. Na ce wa Inna na ji. Daga baya na sami labarin cewa a ranar da muke wannan magana Faisal ya riga ya hau jirgi.

Watannin da na yi a tsare ba zan ba ku labarinsu duka ba. Na zauna da masu laifi na gaske, amma mafi yawan waɗanda muke ɗaki ɗaya mutane ne irina: wanda aka kama yana sayar da ruwa a fitilar hanya, wanda ya zo umra ya tsaya yana wanke motoci, wanda ya gudu daga kafilin da ya hana shi albashi. Mai dangi masu ƙarfi yakan kwana biyu a zo a tafi da shi. Wanda ba shi da kowa sai ya manta ranar da ya shigo. Kullum ina sauraron a kira sunana a ce mutanen Kawu Haruna sun zo. Ba su zo ba. Abin da ya fitar da ni shi ne an kama wayoyin a hannun wani tsohon ma'aikacin siton yana sayarwa. Aka kira ni wata safiya, aka ba ni rigata, aka ce yalla, tafi. Ba wanda ya ce mini yi haƙuri. An kama ni a gaban unguwa duka, an sake ni ba kowa a wurin, don haka unguwa ta riƙe rabin da ta gani.

Na tarar iƙamata tana gab da mutuwa. Kafilina ya ce shi ba ya sabunta wa wanda ya shiga kurkuku, ko da laifi ko babu. Na koma wurin dattijon mai kayan famfo, na gaya masa abin da zan iya gaya masa. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Ɗana, ka yi mini ƙarya sau biyu, ta yaya zan ba ka mukulli?" Ban ga laifinsa ba. Na hau mota zuwa Safa. Kawu Haruna ya karɓe ni a tsaye a bakin ƙofa, ya ce alhamdulillahi da Allah ya bayyana gaskiya, kamar shi ya bayyana ta. Maganar iƙama kuwa dokoki sun canza, sai bayan hajji inshallah. Bayan hajji ya ce bayan azumi. Na yi ta zuwa har mai gadin benen ya daina bari in hau. Salim ya zo gidanmu sau ɗaya da buhun shinkafa, ya yi kuka, ya ce yana da yara shi ma. Ya karɓi aiki a ɗaya daga cikin wuraren da suka ba shi shayi. Ban riƙe shi a zuciya ba.

Da iƙamata ta mutu taku ma ta mutu, shi ya sa aka cire ku daga makaranta. Zainab, ke da kike zuwa ta ɗaya a ajinku, kin tambaye ni dalili na ce miki sai baɗi. Uwarku da ba ta taɓa zama a bakin titi ba ta fara soya ƙosai tana sayar da gyaɗa, tana kwashe tire da gudu in an hango motar baladiyya, hukumar gari. Ni kuma na koma Khumra, ina tsayawa a bakin hanya da sassafe tare da sababbin zuwa, muna jiran mai ɗaukar 'yan lodi. Ina sauke kwalaye a ƙofar sitocin da a da ni ke riƙe da irinsu. Inna ta rayu shekaru bayan haka a ɗakin da kuka sani. Ba ta sake ambatar sunan Haruna ba, turaren da suke aiko mata da sallah kuma sai ta ba maƙwabta. Ba ta taɓa ce mini ta yi kuskure ba, ni ma ban taɓa ce mata ba. Wani lokaci dai in na dawo da ciwon baya takan sa hannu a kaina ta daɗe ba ta ɗauke ba.

A zaman makokinta na sake ganin Faisal. Kawu Haruna ya rasu kafin nan. Faisal ya yi ƙiba, gemunsa ya fara fari, ana kiransa Dakta. Ya yi mini ta'aziyya cikin mutane, sannan ya roƙi mu ɗan keɓe. Muka tsaya a lungu kusa da tankin ruwa. Na zaci abin da na jira shekara da shekaru ne ya zo, har na fara shirya yadda zan ce na yafe, don ranar ba ranar riƙo ba ce. Ya ce abin da ya faru ya dame shi ƙwarai, yaro ne shi a lokacin, Baba ne ya tilasta masa tafiya. Aikin ma bai yi amfani da shi ba, malamansa sun ce tunda an katse a tsakiya ba zai tsayu ba. Sai ya gyara tsayuwa.

"Yanzu ina wani aiki ne, Yaya Sule, a kan mutanen da suka fito daga kurkuku, yadda suke fama wajen samun aiki. Na ce ba wanda ya san wannan kamarka. In za ka ba ni awa ɗaya mu zauna in yi maka tambayoyi. Kada ka damu, ba za a sa sunanka ba."

Na dube shi. Da gaske yake, ba izgili ba ne, fuskarsa cike da kyakkyawar niyya kamar ranar da ya ci tuwo a gaban Inna.

"Sunana ai kowa ya san shi a Nuzla, Faisal," na ce. "Har yara sun san shi. Naka ne ba a taɓa sawa ba."

Ya sa hannu a aljihu zai ciro kuɗi, na ce masa ya bar hannunsa inda yake. Na raka shi har inda ya ajiye mota, don baƙon makoki ne kuma jikan ɗan'uwan kakana, na jira ya tayar ya fita daga lungun. Sannan na koma na zauna a kan tabarma, mutane na ta shigowa suna ce mini ya haƙuri, ina ce musu haƙuri sai ma'aiki.